Inda Ƙarfe Ya Huda Nama: Dasashi da Shafen Haƙorin Dashe

A shekarar 1965, a birnin Gotenbag na ƙasar Suwidin, likita Per-Ingvar Branemark ya kafa wasu 'yan ƙusoshi na ƙarfen titaniyam, masu zare irin na noti, a muƙamuƙin wani mutum mai suna Gösta Larsson, ya ɗora masa haƙora a kansu. Larsson ya ci abinci da su fiye da shekara 40, har ya rasu a 2006 suna nan daram a bakinsa. Tun a 1952 Branemark ya lura da abin da ya kai shi ga wannan aiki, lokacin da ya sa wani ɗan bututun titaniyam a ƙashin ƙafar zomo don ya leƙa yadda jini ke gudana, da ya zo cirewa ƙashi ya riƙe ƙarfen ya ƙi saki. Yawancin masu ba da tarihin dashen haƙori a nan suke tsayawa: ƙashi ya amince da titaniyam, magana ta ƙare.

Amma haƙorin dashe ba a cikin ƙashi kaɗai yake zaune ba. Kashi uku ne: ƙusar da ke binne a ƙashi, haƙorin da ake gani a baki, da wani ɗan wuya da ke haɗa su, wanda shi ne yake ratsa dasashi. Tsawon wurin da nama ke taɓa wannan wuya bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba. A kan wannan ɗan taƙin wuri ne masu bincike da kamfanoni suka shafe shekaru suna gwada shafe-shafe iri-iri, suna neman wanda ƙwayoyin halittar dasashi za su kama shi da gaske.

Sai an san yadda haƙorin asali yake kafin a gane abin da ake nema. Jikin mutum a rufe yake ruf, fata daga waje, tattausan rufi mai danshi daga ciki, kuma haƙori ne abu mai tauri da ya huda wannan rufi ya fito fili, cikin baki mai ɗauke da nau'in bakteriya sama da 700. An toshe hudar da ƙulli biyu. Na sama shi ne ƙwayoyin rufi, waɗanda likitoci ke kira efiteliyam. Su suna fitar da wani furotin mai danƙo, laminin-332, su shimfiɗa shi a jikin haƙori, sannan su maƙale masa da wasu 'yan maɓallai da ke jikin fatarsu. Na ƙasa shi ne mai ƙarfin: zaruruwan kolajin da ke fitowa daga dasashi su nutse kai tsaye cikin wani siririn ɓawo da ke lulluɓe da saiwar haƙori, kamar yadda ake kafa turke a ƙasa. Ƙwayoyin da ke saƙa waɗannan zaruruwa sunansu faibiroblas, mu kira su masaƙa. Awon da Gargiulo da abokan aikinsa suka wallafa a 1961 ya nuna kowane ɗaya daga ƙullin biyu ya kai kimanin milimita 1.

Ranar da aka cire haƙori, ɓawon saiwar ya tafi tare da shi, haka ma siririyar jijiyar da ke tsakanin saiwa da ƙashi, wadda ke kawo wa dasashi wani kaso na jininsa. A 1991 Tord Berglundh da Jan Lindhe da abokan aikinsu, su ma a Gotenbag, suka duba naman da ke kewaye da dashe a bakin karnuka. Ƙwayoyin rufi sun sauka kimanin milimita 2 a jikin ƙarfen, ƙarƙashinsu akwai nama mai zaruruwa na milimita 1 zuwa 1.5. Sai dai zaruruwan ba su kafu a ƙarfen ba, tunda babu inda za su nutse. Kwance suke, suna bin jikinsa suna naɗe shi kamar rawani. Masaƙan sun yi ƙaranci, hanyoyin jini ma haka. Naman ya fi kama da tabo. Rawani kuwa komai kyawun naɗinsa ana iya cusa yatsa tsakaninsa da kai, kuma abin da bakteriya ke yi ke nan. Wani nazari da Jan Derks da Cristiano Tomasi suka fitar a 2015, wanda ya tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa kashi 43 cikin 100 na masu dashe suna da kumburin nama a kewayensa, kashi 22 kuma cutar ta riga ta kai ga cin ƙashi.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: ƙwayar halitta ba ta taɓa ƙarfe da jikinta. Titaniyam na haɗuwa da iska, nan take wata siririyar fata ta oksaid, mai kaurin 'yan nanomita, take rufe shi, kuma ita ce ke hana shi tsatsa. Da an sa shi a rauni, cikin daƙiƙoƙi ruwa da furotin na jini sun kwanta a kan wannan fata. Ƙwayar da ta iso daga baya furotin ɗin take tararwa, ta lalube su da wasu 'yan hannuwa da ake kira intagirin. In ta samu kamu mai kyau sai ta baje, ta yi faɗi, ta fara rabuwa tana saƙa. In ba ta samu ba sai ta dunƙule, daga baya ta mutu. Saboda haka aikin kowane shafe shi ne ya canza irin furotin da zai kwanta da yadda zai kwanta. Ana yin haka ta taɓa kaushin fuskar ƙarfen, ko sinadarin da ke samanta, ko yadda ruwa ke bajewa a kanta.

Maganar kaushi ita ce ta fi rikici, domin abin da ƙashi ke so ba shi dasashi ke so ba. Ƙwayoyin ƙashi suna son kaushi matsakaici, na maikiromita 1 zuwa 2, shi ya sa ake feshe ƙusar da tsakuwa mai laushi a kuma tsoma ta a asid kafin a sayar. Amma kaushi mafaka ce ga bakteriya, wurin da burushi da miyau ba sa iya kore su. A tsakiyar shekarun 1990 Marc Quirynen da Curd Bollen na jami'ar Leuven a Beljiyam suka gwada wuyan dashe masu sulɓi daban-daban a bakin mutane, suka gano iyaka: maikiromita 0.2. In kaushi ya haura haka, datti na ƙaruwa. In an goge ƙarfen ya fi haka sulɓi, dattin ba ya ƙara raguwa, kuma akwai alamar cewa naman ma ba ya samun abin kamawa. Wato ko sulɓi yana da inda ya isa.

Daga nan aka koma ga wata dabara da ta fi burge ni a duk fagen. Tun a shekarun 1980 Donald Brunette na jami'ar British Columbia a Kanada ya nuna cewa in aka tsaga 'yan layuka a fuskar abu, kamar kunyoyin gona, ƙwayoyin halitta suna miƙewa su bi layin. Masaƙa suna jeruwa a cikin kwarin, zaren da suke fitarwa ya bi inda suka fuskanta. Ƙwayoyin rufi kuma, waɗanda ɗabi'arsu ita ce su yi ta gangarawa ƙasa a jikin duk wani baƙon abu har sai sun kewaye shi, suna samun cikas in layukan sun gitta musu hanya. Kamfanin BioHorizons na Amurka ya ɗauki wannan tunani ya fito da Laser-Lok, inda ake amfani da hasken leza a tsaga layuka masu faɗin kimanin maikiromita 8 kewaye da wuyan dashe. Gashin kan mutum ya ninka wannan faɗi sau takwas ko fiye. A 2008 Myron Nevins da abokan aikinsa suka wallafa hotunan naman da aka ciro daga bakin mutane, inda aka ga zaruruwan kolajin sun miƙe tsaye suna fuskantar ƙarfen a wurin da aka tsaga layukan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, shi ne mafi kusa da tsarin haƙorin asali da aka gani. Duk da haka samfuran 'yan kaɗan ne, kuma zare ya tsaya yana dafe da ƙarfe daban, ya nutse cikin ɓawon saiwa daban.

Batun irin ƙarfen kansa yana da labari mai ban dariya ga wanda ya tashi yana ganin haƙorin Makka yana walƙiya a bakin alhazai. A 1998 Ingemar Abrahamsson ya sa wa karnuka wuyan dashe iri huɗu: titaniyam, tangaran na alminiyam oksaid, gaurayen zinariya, da tangaran irin wanda ake ƙera haƙori da shi. Nama ya kama na farko da na biyu. A kan zinariya da tangaran ɗin haƙori kuwa sai ya ja da baya, ya gangara har ya tarar da titaniyam ɗin ƙusar, ƙashi ma ya zaizaye don ya ba shi wuri. Shekara goma bayan haka, a gwaji makamancin wannan, zakoniya, wani farin tangaran mai tsananin ƙarfi, ta yi kunnen doki da titaniyam, zinariya ta sake zuwa baya. Binciken da aka yi a kan mutane bai nuna bambanci mai girman haka ba, kuma haƙorin Makka hula ce da ake kifawa a kan haƙorin asali mai nasa ƙullin, don haka alhaji ya kwantar da hankalinsa. Darasin da aka ɗauka shi ne ƙwayoyin dasashi sun fi sakewa a kan fatar oksaid mai zaman lafiya.

Abin mamaki, launin zinariyar ya dawo ta bayan gida. Duk wanda ya taɓa sayen bakin injin huda ƙarfe mai ruwan gwal ya riƙe titaniyam naitiraid a hannunsa, wani shafe mai tauri da ake fesawa a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska. An ɗauko shi an shafa wa wuyan dashe. A 2001 Birte Grössner-Schreiber da abokan aikinta a Jamus suka nuna cewa bakteriyar baki ba sa maƙalewa a kansa, da kan ɗan'uwansa zakoniyam naitiraid, kamar yadda suke maƙale wa titaniyam tsurarsa, kuma gwajin da suka yi daga baya ya nuna masaƙa suna girma a kansu lafiya lau. Akwai kuma hanyar da ake tsoma ƙarfen a ruwan sinadari a sakar masa lantarki, fatar oksaid ta ƙara kauri, launi ya juya zuwa rawaya ko ruwan hoda gwargwadon kaurin. Kamfanin Nobel Biocare ya fito da irin wannan a 2019 da sunan Xeal. A ganina, fa'idar waɗannan shafe da ta fi tabbata har yanzu ita ce ta ido. Titaniyam ruwan toka ne, kuma in dasashi siriri ne sai ya hasko ta cikinsa kamar inuwa. Ronald Jung na Zurik ya auna wannan a 2007: in kaurin nama milimita 2 ne ana ganin duhun titaniyam, sai ya kai 3 yake ɓacewa. Ga wanda aka yi wa dashe a haƙoran gaba, wuya mai ruwan hoda ko rawaya yana raba shi da wannan inuwa. Cewa yana ƙara wa ƙullin nama ƙarfi na shekaru, wannan hujjarsa ba ta kai ta launi ba.

Kafin a yi saurin yabon kowane sabon shafe, ya kamata a tuna da haidiroksi'afatait. Shi ne ma'adinin da ƙashi da haƙori suka ginu da shi, kuma a shekarun 1980 aka riƙa fesa shi da zafi a jikin dashe. Ƙashi ya kama shi da wuri ƙwarai. Bayan 'yan shekaru aka fara ganin yana ɓamɓarewa kamar yaɓen da damina ta daka, kuma inda ya bayyana a baki ya zama matattarar datti. Duk abin da aka ɗora a kan ƙarfe yana da mahaɗa, kuma mahaɗa tana iya rabuwa. Shi ya sa na baya-bayan nan suka koma siraran gaske, kamar fatar titaniyam oksaid mai 'yan ramuka da masu bincike a Turku ta Finlan suka haɗa, ko 'yan bututun oksaid da ake tsirar da su daga jikin ƙarfen kansa. Su ma bututun suna da sharaɗi: wani gwaji da aka yi a Erlangen ta Jamus a 2007 ya nuna ƙwayoyin ɓargon ɓera suna bunƙasa a kan masu faɗin nanomita 15, suna mutuwa a kan masu nanomita 100. Sinadari ɗaya, faɗin rami kawai ya bambanta.

Wasu suka ce tunda furotin ƙwaya ke nema, a shimfiɗa mata shi tun daga masana'anta. An gwada kolajin, an gwada faibironektin, an gwada laminin-332 don jawo ƙwayoyin rufi, an gwada wani ɗan guntun furotin mai amino asid uku kacal da ake kira RGD, wanda Pierschbacher da Ruoslahti suka gano a 1984 cewa shi ne ainihin inda hannun ƙwaya ke kamawa. A kwanon gwaji sakamakon yana da kyau, ƙwayoyi na maƙalewa da wuri su baje. Matsalar tana hanyar zuwa baki. Dole a kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan aiki, tukunyar tururin asibiti kuwa tana kai zafin digiri 121 zuwa 134, wanda ke dafa furotin. In ya tsallake wannan, ga watannin zama a kwali, ga sinadaran miyau da na rauni masu narkar da shi. Shafen kashe bakteriya kuma, irin na azurfa, yana da nasa tarkon. Anthony Gristina ya siffanta lamarin a 1987 da tsere: ƙwayar jiki da bakteriya kowa na rige-rigen mallakar fuskar dashe, wanda ya riga shi ke da wuri. Azurfa tana taka wa bakteriya birki, amma in ta ɗan yi yawa tana kashe masaƙan da ake son su ci tseren, in kuma mai fita a hankali ce, wata rana za ta ƙare alhali bakteriya ba sa ƙarewa.

Mafi arha a cikin dabarun ba shafe ba ce ma, wanki ce. Takahiro Ogawa na jami'ar Kalifoniya a Los Anjalas ya nuna a 2009 cewa titaniyam yana tsufa a ajiye: cikin mako huɗu ƙurar kabon daga iska take kwanta masa, ruwa ya daina bajewa a kansa ya koma yin ɗigo, furotin ya rage kamawa. In an haska masa hasken altarabayolet sai ya dawo sabo. Luigi Canullo a Italiya ya bi irin wannan hanya da wuyan dashe, yana tsabtace su da iskar agon da aka kunna da lantarki, bayan ya lura cewa waɗanda ake sassaƙowa daga ɗakin maƙeran haƙori suna zuwa da ɓurɓushin ƙarfe da maiƙo a jikinsu. Ina zargin wani kaso na nasarar da ake jingina wa shafe-shafe masu tsada daga nan yake: sabon shafe da aka fito da shi yanzu ana gwada shi da tsohon ƙarfen da ya kwana biyu a aljihun tebur.

Wannan ya kawo mu ga yadda ake gwajin, wanda a nan ne mai karatu ya kamata ya buɗe ido in ya ga labarin cewa wani shafe ya ƙara girman ƙwayoyin dasashi da kashi kaza. Yawanci ƙananan faya-fayan ƙarfe ake yankawa, kamar kwabo, a zuba musu masaƙan da aka samo daga guntun dasashin mutum, a sa a akwati mai zafin digiri 37. Bayan kwana 1, 3 da 7 sai a ɗiga wani sinadari da ke canza launi gwargwadon aikin da ƙwayoyin ke yi, a auna launin. Babu miyau, babu bakteriya, babu tauna, babu sojojin garkuwar jiki da ke fara isa kowane rauni. Kuma awon yana nuna yawa ne, alhali abin da ake nema ƙulli ne. Masu shan maganin farfaɗiya fenitoyin, ko na hawan jini nifedifin, wasunsu dasashinsu kan yi ta tsiro har ya hau kan haƙora, nama ya yi yawa amma ba lafiya ba ce. Ƙwayoyin rufi ma in shafe ya sa su gudu fiye da kima, gangarawa za su yi su mamaye wurin da ya kamata masaƙa su zauna. Shafen da ake mafarki dole ya yi wa ƙwayoyin rufi maraba a milimita na sama, ya tsayar da su a nan, ya jawo masaƙa a na ƙasa su yi saƙa a tsaye, ya kuma kori bakteriya a duka biyun. Daga kwano ana zuwa karnuka, waɗanda rauninsu ya fi na mutum saurin warkewa. A mutum kuwa ba a yanke muƙamuƙin mai lafiya don a duba, sai dai a zura ɗan tsinken awo mai zanen milimita a ɗauki hoton ƙashi, wato ana neman bambancin maikiromita da ma'aunin da ya ninka shi sau dubu.

Abubuwan da aka tabbatar suna taɓa wannan ƙulli a asibiti ba su da ƙyalli ko kaɗan. Berglundh da Lindhe sun nuna a 1996 cewa in aka rage kaurin dasashin kare, ƙashi da kansa yake zaizayewa har sai nama ya samu milimita 3 ɗinsa, kuma Tomas Linkevicius na Lituweniya ya ga haka a mutane a 2009: masu dasashin da bai wuce milimita 2 ba sun fi rasa ƙashi. A 1997 Abrahamsson ya riƙa kwance wuyan dashe yana mayarwa sau ɗaya a wata har sau biyar, ƙullin ya koma ƙasa, ƙashi ya bi shi, domin kowace kwancewa sabon rauni ce ga naman da ke bukatar mako 6 zuwa 8 kafin ya nuna. Thomas Wilson ya leƙa ƙarƙashin dasashin dashe masu ciwo da 'yar kyamara a 2009, ya tarar da ragowar simintin liƙa haƙori a kashi 81 cikin 100 nasu. Taron masana da aka yi a Shikago a 2017 ya lissafa tsohon ciwon dasashi, rashin tsabtar baki, da rashin komawa asibiti a duba, a matsayin abubuwan da hujjarsu ta fi ƙarfi wajen jawo cutar da ke cin ƙashi a kewayen dashe. Ƙusoshin da Larsson ya rayu da su, in an tuna, titaniyam ne tsurarsa da injin ya sassaƙa, babu shafen komai.

Sai kuma abin da ke samun shafen bayan shekara biyar ko goma a baki. Kaurin titaniyam naitiraid 'yan maikiromita ne, na fatar oksaid mai launi bai kai ɗaya ba. Burushi na bi ta gefensa safe da dare, man goge baki yana da gari mai kankara, kuma sinadarin fulorayid in ya haɗu da tsami yana cin fatar titaniyam. Ƙarfen kankare datti da likita ke amfani da shi a haƙorin asali yana karce wuyan dashe, karce ɗaya kuma ya isa ya haura da kaushi sama da 0.2 ɗin nan na Leuven. Dalili ke nan da asibitocin da suka san aikin suke ajiye wa masu dashe kayan kankara na roba ko na titaniyam, ko su yi musu feshin iska da garin gilaisin mai laushi.